Wa'azi a Gidan Yari: Amsar Wasiƙun Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa

Wa'azi a gidan yari haƙƙin wanda ke tsare ne tun kafin ya zama haƙƙin malami ko faston da ke zuwa yin sa. Wani mai sauraro daga Faskari ya aiko wa wannan fili tambaya: shin doka ta yarda fastoci su riƙa shiga gidan gyaran hali a jihar Katsina, wadda ke aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000?

Ta yarda. Gidajen da ke Katsina da Funtuwa da Daura suna hannun hukumar tarayya ce, Hukumar Gyaran Hali ta Najeriya, wadda ta samu wannan suna a dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a shekarar 2019. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin bin addininsa da koyar da shi, shi kaɗai ko cikin jama'a, sashe na 10 kuma ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin nata. Hukuncin alƙali zirga-zirgar mutum yake taƙaitawa, ba ya raba shi da ibadarsa. A ƙasar Ƙanƙara da Malumfashi da Ƙafur akwai Hausawa Kiristoci da suka gaji addinin daga iyaye. Idan ɗayansu ya shiga hannu, buƙatarsa ga fasto daidai take da buƙatar Musulmi ga liman ran Juma'a.

Wata baiwar Allah daga Ƙanƙara ta tambaya ko shugaban gidan yana da ikon mayar da mai wa'azi daga bakin ƙofa. Yana da shi, amma da iyaka. Sashe na 45 ya halatta taƙaita wannan 'yanci saboda tsaro da zaman lafiya, don haka ana iya tsayar da rana da lokaci, a binciki kaya, a dakatar da mai zagin addinin wasu. Abin da sashe na 42 ya hana shi ne a auna wa wani ɓangare da mudu, wani kuma da tiya.

Wasiƙar Sabuwa ta fi nauyi. Mai ita na fargabar kada sabulu da abinci da magani su zama tarkon janye mutum daga addininsa. Fargabar tana da tushe, domin wanda yunwa da kaɗaici suka dama bai cika iya cewa a'a ba, ga shi kusan kashi biyu cikin uku na masu zaman gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Ƙa'idojin Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun tanadi cewa kada a hana fursuna ganin malamin addininsa, idan kuma ya ƙi ziyarar wani mai wa'azi a mutunta ƙin nasa.

An gwabza kan wannan a Amurka. Ƙungiyar Prison Fellowship, wadda Charles Colson ya kafa a 1976 bayan shi kansa ya sha ɗauri kan badaƙalar Watergate, ta gudanar da shirin tarbiyyar Kirista a kurkukun Newton da ke jihar Iowa da tallafin kuɗin gwamnati, masu shiga shirin kuma suna samun ɗakunan da suka fi kyau. A 2006 wata kotun tarayya ta ce hakan ya saɓa wa tsarin mulki, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2007. Ba wa'azin kotun ta haramta ba. Kuɗin baitulmali da fifikon da ake ba masu karɓarsa ne laifin. Wannan ma'auni ya dace da Funtuwa, ga coci da ƙungiyar da'awa baki ɗaya: sadaka ta isa ga duk mabuƙaci ba tare da an tambaye shi inda yake ibada ba.

Wanda aka hana ɗan'uwansa ganin malami ko fasto, ko aka matsa masa zaman wa'azin da bai so, sai ya fara kai kuka wurin shugaban gidan, daga nan ofishin kwanturola na jiha a Katsina. Idan bai gamsu ba, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, tana karɓar irin wannan ƙorafi kyauta.