Bayan tiyata: kar ki bari jini ya daskare a ƙafa

'Yar'uwa mai jinya, an fito da maigida ko Baba daga ɗakin tiyata lafiya, alhamdulillahi. Saura naki aikin. Idan mutum ya daɗe a kwance, jinin ƙafarsa kan rage gudu har ya daskare a jijiya. Gudan jinin nan yakan ɓalle ya tafi huhu ya toshe hanya, yana kuma iya kisa farat ɗaya. Haɗarin ya fi yawa bayan aikin ƙugu, gwiwa, karaya, ciwon daji, da haihuwa ta tiyata.

1. Gobe da safe, idan likitoci sun zo zagaye, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri kuke ko a na Umaru Shehu da ke Bulumkutu, ki ce: "Likita, me ake yi masa don kada jini ya daskare a ƙafa?" Wani allura irin su Clexane za a yi masa, wani na'ura, wani duka biyun.

2. Idan an kawo na'urar matsa ƙafa, ki san aikinta. Ana naɗe sha-raɓa da wata riga, injin ya cika ta da iska ta matse, sannan ta saki. Matsin nan ne ke kora jini sama, kamar yadda tafiya ke yi.

3. A nan ake yin sakaci. Na'urar da aka rataye a ƙarfen gado ba ta kare kowa. Ana son ta kai awa 18 a ƙafa kowace rana, har da lokacin barci. Da zafin Maiduguri, watan Afrilu da ake haura digiri 40, dole mara lafiya ya ce ta dame shi. Ki lallashe shi, ki goge gumin, ki duba fatar, ki mayar. An ɗauke wuta? Idan ta dawo, ki tabbatar injin ya tashi, kar ki jira nas.

4. Safar matsi ma sai an auna ƙafa, kada ki sayo da ka. Kar a naɗe bakinta, zai shaƙe jijiya. Mai ciwon suga, mai gyambo, ko wanda jini ba ya isa ƙafarsa sosai, sai da izinin likita.

5. Babu na'ura? Ya riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa duk awa. Da zarar likita ya yarda, ki kama shi ya taka, ko zuwa bakin ƙofa ne. Ruwa kuwa ya sha sosai, in ba a hana ba.

6. Ƙafa ɗaya ta kumbura, tana zafi ko ciwo? Don Allah kada ki yi mata tausa, kada a kira mai ɗori. Ki kashe na'urar, ki kira nas.

7. Sallama ba ta raba shi da haɗarin, yakan kai makonni. Idan Biu ko Damaturu za ku koma, a riƙa tsayawa yana miƙe ƙafa.

Numfashi ya yi wuya, ƙirji na ciwo, ko ya yi tari da jini? Ko tsakar dare ne, ki kai shi ɗakin gaggawa, kar ki bari sai gari ya waye.