Mai-Sanƙo, Tsuntsun Kurmi Mai Ginin Laka

Hakimai da malamansu sun san tsuntsayen ƙasarsu, tun daga fakara har gauraka. Amma a kurmin kudu akwai waɗansu da mutum zai yi shekaru yana fatauci can bai sa su a ido ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda masu ilmin tsuntsaye su ke kira Pikatatis. Ba ya zama a ƙasar Hausa, don haka a cikin wannan takarda za a kira shi Mai-sanƙo, gama kansa kusan ba gashi.

Iri biyu ne. Na yamma yana zaune daga Gini da Saliyo zuwa Gana, fatar kansa rawaya ce, da baƙin tabo a kowane gefe. Wani Bature mutumin Holan, Temminck, shi ya fara rubuta siffarsa a 1825. Na gabas kuwa shi ne namu, ana samunsa a duwatsun Jihar Kuros Riba, kamar Oban da Afi, har Kamaru da Gabon da tsibirin Biyoko. Reichenow, Bajamushe, ya rubuta siffarsa a 1899. Goshinsa shuɗi, ƙeyarsa ja wur, gefen fuskarsa baƙi, bayansa ruwan toka. Girmansa bai fi na hasbiya ba, sai dai ya fi ta tsawon ƙafa da wutsiya. Tsawonsa wajen inci 14 ne, nauyinsa kamar rabin laba.

Yana da fiffike, amma ba ya son tashi. Yawancin tafiyarsa a ƙasa ya ke yi, da tsalle, daga dutse zuwa saiwa, daga saiwa zuwa gungume, wutsiyar tana taimakonsa kada ya karkata. Ba shi da yawan kuka, sai wani ɗan huci can ba a rasa ba. Ya kan tone busasshen ganye da baki, ya ci tana da fara da katantanwa, har ƙaguwa da 'yan kwaɗi da ƙananan ƙadangaru. Yana da wata dabara kuma. In rundunar kwarkwasa ta fito, kowane ƙwaro sai ya bar maɓoyarsa ya gudu. Mai-sanƙo sai ya bi rundunar a gefe yana tsintar masu gudun. Watau kwarkwasa ke kora, shi ke kamu.

Abin da ya fi ban mamaki ga wannan tsuntsu shi ne sheƙarsa. Ba safai ya ke yin ta a bisa itace ba, ba ya yin ta a ƙasa. Ya kan nemi bakin kogo ko wani babban dutse mai rumfa, inda ruwan sama ba ya bugu, kusa da rafi. Nan namiji da tamata za su riƙa ɗebo laka da baki, suna cuɗa ta da zaren saiwa da ciyawa, kamar yadda magini ya ke zuba ramno cikin ƙasa don kada gini ya tsage. Su manna ta a jikin dutsen har ta zama kamar rabin akushi. Aikin ya kan ci wata biyu ko uku. Saboda wahalarsa ba su yar da tsohuwar sheƙa, sai su yi mata yaɓe su sake shiga, shekara da shekaru.

Da damina su ke ƙwai, yawanci guda biyu. Uwa da uba su kan karɓi juna wajen kwanci, har kwana 21 zuwa 24, sa'an nan 'ya'yan su yi kamar kwana 24 kuma kafin su bar sheƙa. Sau da yawa ɗaya kaɗai ya ke rayuwa. Macizai da birai suna yi musu ɓarna, amma har 'yan'uwansu ma ba su bar su ba. Da ya ke dutsen da ya dace da gini ba shi da yawa, an ga waɗanda ba su sami wuri ba suna jefo ƙwai ko 'ya'yan waɗansu ƙasa don su gaje sheƙar. Rikicin fili, ashe, ba a gaban hakimi kaɗai a ke yinsa ba.

Daga nan a ke gane inda hatsarinsa ya ke. Tsuntsun da ba ya haihuwa da yawa, ba ya kuwa iya zama sai inda dutse da rafi da inuwa su ka haɗu, in an sare itatuwan da ke kewaye da dutsen nan don katako ko gonar koko, ƙasa ta bushe, tana ta yi ƙasa, shi ke nan ya rasa gida da abinci gaba ɗaya, ko da ba wanda ya taɓa sheƙar. Tarkon da mafarauta su ke ɗana wa waɗansu namun ya kan kama shi. A dā kuma an yi ta kwasarsa zuwa gidajen namun daji na Turai da Amurka. A 1954 David Attenborough na BBC ya tafi Saliyo tare da Jack Lester na gidan namun daji na Landan musamman don neman na yamma, su ka koma da shi da rai, mutanen Ingila su ka gan shi a talabijin.

A Gana, ƙasar goro, wadda fataken Hausa su ka daɗe da sani, an daina ganinsa tun wajen shekarun 1960, har an ɗauka ya ƙare. Sai a 2003 aka sake samunsa. Yanzu a ƙauyen Bonkro, cikin ƙasar Asante, mutanen gari su ke tsaron duwatsun da ya ke gini, baƙi daga ƙasashe masu nisa suna zuwa kallo suna biya. A Kamaru an keɓe gandun Korup a 1986, a Nijeriya kuma an keɓe babban gandun Kuros Riba a 1991, dukansu biyu yana ciki. A gandun Lope na Gabon kuwa an tarar da shi ya yi ginin lakarsa a ƙarƙashin gadar siminti.