Amsoshin Tambayoyinku: Me ya haɗa tsutsar yashin teku da tsargiyar kogin Binuwai?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a makarantar sakandare, ina zaune a unguwar Roumdé Adjia a Garwa, mahaifina kuma mahauci ne. Malaminmu na kimiyyar halittu ya nuna mana hoton wata 'yar mitsitsiyar tsutsa da ke zama a yashin bakin teku, ya ce tsawonta bai wuce ƙwayar gero ba. Sannan ya ce wai danginsu ɗaya da abin nan mai kama da ganye da muke gani a hantar saniya, da tsila, har da abin da ke sa yara fitsarin jini. Abin ya ɗaure mini kai. Yaya jikin wannan tsutsa yake? Kuma ta yaya masana suka san dangi ne, alhali ita tana teku, mu kuwa ko tekun ba mu taɓa gani ba?

Amsa: Malaminka ya gaya maka gaskiya, kuma na ji daɗi da ba ka karɓi maganar haka nan ba sai da ka nemi hujja. Tun da ɗan mahauci ne kai, bari in fara da abin da ka fi ni sani, wato kilishi.

Me ya sa ake shimfiɗa naman kilishi fele-fele? Don iska da rana su ratsa shi ta ko'ina. Da za a shanya tsoka mai kauri, samanta zai bushe, cikinta ya ruɓe. To, haka Allah Ya tsara jikin waɗannan halittu. Ba su da huhu, ba su da zuciya, ba su da jini da zai kai iskar oksijin lungu-lungu na jiki. Ta fata iskar take shiga, daga ruwan da suke ciki, kuma ba ta iya yin nisa. Saboda haka wadda za ta rayu dole ta zama ƙarama ƙwarai ko kuma shimfiɗaɗɗiya kamar ganye. Daga wannan siffa masana suka sa musu suna Platyhelminthes, wanda a harshen Girka yake nufin tsutsa mai faɗi. An san fiye da iri 20,000 nasu.

Ka taɓa yanka tana? Idan ka duba za ka ga kamar bututu ne a cikin bututu, da sarari a tsakani. Shimfiɗaɗɗiyar tsutsa ba ta da wannan sararin. Tsakanin fatarta da hanjinta cike yake da tsoka da ƙwayoyin halitta. Hanjin nata ma ƙofa ɗaya gare shi: ta inda abinci ya shiga, ta nan abin da ya rage yake fitowa. A goshinta akwai ɗan curin jijiyoyi da ke zaman ƙwaƙwalwa, kuma da yawansu suna da ɗigo biyu baƙaƙe da ke rarrabe haske da duhu, ko da yake ba sa ganin siffar abu. A madadin ƙoda suna da wasu ƙwayoyin halitta masu ɗan tuntun gashi a ciki, da ke kaɗawa suna fitar da ruwan da ya yi yawa. A madubin likita motsinsu kamar harshen wutar aci-bal-bal yake idan iska ta taɓa shi, shi ya sa ake kiransu ƙwayoyin harshen wuta. Ka riƙe wannan, domin tsilar da ke hanjin mutum da abin hantar saniya duk suna da su.

Yanzu mu je bakin teku. Idan ka tsaya a gaɓa irin ta Kribi ka ɗebi jiƙaƙƙen yashi, a idonka yashi ne kawai. Amma tsakanin ƙwayar yashi da 'yar'uwarta akwai ɗan ruwa, kuma a wannan ɗan ruwan akwai gari guda na halittu. Wadda aka fi nazari a cikinsu ita ce Macrostomum lignano, da aka samo a gaɓar garin Lignano na Italiya, aka bayyana ta ga duniyar ilimi a 2005. Tsawonta wajen milimita ɗaya da rabi ne, jikinta garau har kana hangen abin da ta ci. Abincinta ƙananan tsirran ruwa ne masu ɓawo kamar gilashi. Fatarta lulluɓe take da gashi ƙanana da ido ba ya gani, da su take sulalewa kamar kwalekwale mai dubban matuƙa.

Abin da ya fi burge ni game da ita shi ne wutsiyarta. Igiyar ruwa kullum tana wanke yashi, to yaya abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba zai tsaya? A wutsiyar akwai ƙananan maɓuɓɓuga iri biyu: ɗaya tana fitar da danƙo da ke manna ta da ƙwayar yashi, ɗayar kuma tana fitar da abin da ke sakin danƙon. Ta manne, ta saki, ta sake mannewa, duk cikin ƙiftawar ido, kuma a cikin ruwan gishiri. Har yau masu bincike suna nazarin wannan danƙo.

Kusan dukkan shimfiɗaɗɗun tsutsotsi mata-maza ne, wato kowace ɗaya tana da kayan namiji da na mace. A nan ne amsar rabin tambayarka take. Tsutsotsin yashin nan a ido iri ɗaya suke, farare ko ruwan toka, kamar ɗan zare. Abin da ke bambanta su sau da yawa shi ne wani ɗan tsinke mai tauri da ke gaɓar namijin: na wata miƙaƙƙe ne, na wata kamar ƙugiya, na wata a murɗe. Kamar yadda kakanninmu suke duban tsagar fuska su ce wane Bagobiri ne, wane Babarbare, haka masani yake duban wannan tsinke, da siffar maƙoshin tsutsar, da inda bakinta yake, ya ce ga gidansu. Aikin yana da wahala. Sai an zuba wa yashin ruwan wani gishiri mai suna maganiziyam kulorayid don tsutsotsin su saki jiki su daina mannewa, a tace da rariya mai ƙananan idanu, sannan a duba su da ransu, domin da zarar sun mutu siffarsu takan lalace. Shi ya sa har yanzu da yawansu ba a sa musu suna ba.

A da, masana sun kasa dangin gida huɗu. Na farko masu zaman kansu a teku da koguna da ƙasa mai laima. Wani Bajamushe, Ehrenberg, ya kira su Turbellaria a 1831 saboda yadda gashinsu ke tayar da ruwa. Na biyu masu manne wa fata da matsatsar numfashin kifi. Na uku masu kama da ganye, irin na hanta da na tsargiya, wato cutar fitsarin jini. Na huɗu su tsila. Wannan rabo yana nan a littattafan makaranta da yawa, kuma wataƙila shi za a tambaye ka a jarrabawa. Sai dai a 1985 wani Bajamushen, Ulrich Ehlers, ya nuna cewa gidajen nan uku na masu cin jikin wasu reshe ɗaya ne, kuma reshen daga cikin masu zaman kansu ya fito. Binciken DNA, wato sinadarin gado, ya zo daga baya ya tabbatar da haka. Shi wannan binciken ya kuma fitar da wasu daga dangin gaba ɗaya. Akwai wata koriyar tsutsa a gaɓar Roscoff ta Faransa da ke ajiye tsirran ruwa a jikinta tana ci daga abin da suka samar da hasken rana. Shekara da shekaru ana lissafa ta da 'yan gidansu cikin shimfiɗaɗɗun tsutsotsi, sai daga 1999 aka fara gane cewa kama ce kawai, ba jini ba. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

To mece ce hujjar Ehlers? A nan za mu dawo gida, bakin Binuwai.

Idan yaro mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwai suna fita tare da shi. Ƙwan yakan fashe, wani ɗan tayi ya fito wanda bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Da za ka gan shi a madubin likita, da ka rantse ƙanen tsutsar da malaminka ya nuna muku ne: jikinsa rufe da gashi, yana iyo da kansa. Sa'o'i kaɗan gare shi ya sami irin katantanwar da ta dace da shi. Da zarar ya shige ta, sai ya tuɓe rigar gashin nan, wata sabuwar fata ta maye gurbinta. Wannan sauya fata duk gidajen nan uku na masu cin jikin wasu suna yin sa, shi ya sa Ehlers ya kira su Neodermata, ma'ana masu sabuwar fata. A cikin katantanwar ɗan tayi ɗaya yakan hayayyafa ya zama dubbai masu wutsiya mai baki biyu. Su ne ke fitowa ruwa su huda fatar mai wanka, ko mai wanki, ko masunci, ko manomin shinkafa, ba tare da ya ji komai ba in ban da ɗan ƙaiƙayi.

Ita tsutsar tsargiya ta saɓa wa danginta a abu ɗaya: akwai namiji daban, mace daban. Tsawonsu santimita ɗaya zuwa biyu ne. Namijin shimfiɗaɗɗe ne amma yakan naɗe gefunansa ya yi kwari, macen siririya ta kwanta a ciki, su zauna shekaru a jijiyoyin jini tana zuba ɗaruruwan ƙwai kullum. Ƙwan nan ne ke yi wa mafitsara da hanta rauni. Likita Theodor Bilharz ne ya fara ganin su a Alƙahira a 1851, daga sunansa aka sami bilarziyos da kake ji a asibitocin Kamaru, kuma Robert Leiper ne ya warware hanyarsu ta katantanwa a Masar a 1915.

Kada ka ɗauka rarrabe iri aikin masu zaman ofis ne kawai. A arewacin Kamaru iri biyu ne ke damun mutane. Schistosoma haematobium tana zama kusa da mafitsara, ƙwanta yana da ƙaya a ƙarshe, a fitsari ake nemansa, kuma katantanwar Bulinus ke ɗauke da ita. Schistosoma mansoni tana jijiyoyin hanji, ƙayar ƙwanta a gefe take, a bayan gida ake nemansa, katantanwarta kuma Biomphalaria. Wurin da ƙayar nan take shi ke gaya wa ma'aikacin asibiti da wa yake faɗa. A kudancin ƙasarku akwai iri na uku, wanda a 2003 aka gane daban yake da na Kwango aka sa masa suna guineensis. Yankunan arewa guda uku su suka fi fama da cutar, domin katantanwar tana son ruwa kwantacce mai ciyayi: kududdufan da damina ta bari, da magudanan noman rani, da gaɓar tafki irin na madatsar Lagdo da aka gina tsakanin 1977 da 1982 a saman Garwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum fiye da miliyan 250 ne ke bukatar maganin rigakafin wannan cuta, mafi yawansu a Afirka.

Abin da mahaifinka yake gani a hanta kuwa sunansa Fasciola gigantica, yana iya kai santimita 7, a hanyoyin ɗaci na hanta yake zama. Shi ma sai ya bi ta katantanwa, sannan ya manne a ciyawar fadama saniya ta cinye shi. Wannan shi ne ɗan dangin da za ka iya gani ba tare da madubi ba. Ka roƙi Baba ya ware maka ɗaya a kwano da ɗan ruwa, ka duba faɗinsa, da ɗan bakin da ke gaba, da wani abin mannewa da ke ƙasansa kaɗan, sannan ka wanke hannu da sabulu. Tsila kuma ta tafi da nisa har ba ta da hanji sam. Ta fata take tsotsar abincin da mutum ya narkar, tana iya wuce mita 5, kuma daga naman shanu da bai dahu sosai ba ake ɗaukarta. Idan malaminku zai iya nema muku izinin ziyara, akwai ɗakin binciken lafiyar dabbobi na ƙasa, LANAVET, a Boklé kusa da ku.

Akwai wani abu da ya ƙara ɗaure zumuncin. Masu zaman kansu na ruwa sun shahara da sake tsirowa: a ƙarshen ƙarni na 19 Thomas Hunt Morgan na Amurka ya yanyanka irin na kogi gunduwa-gunduwa, gutsattsarin suka tsiro da kai da wutsiya. Wasu ƙwayoyin halitta na musamman ne ke wannan gyara. A 2013 masu bincike a Jami'ar Illinois sun sami makamantansu a jikin tsutsar tsargiya. Ni a ganina wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ɗan Garwa ya damu da tsutsar yashin Italiya: wadda ba ta cutar da kowa ta fi sauƙin reno a ɗakin bincike, kuma abin da aka koya a jikinta yana haska jikin wadda ke cutar da mu.

Ɗana, ga roƙona. A wurare da yawa har yanzu ana ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar yaro ya fara zama namiji. Ba haka ba ne. Rauni ne ƙwan tsutsa ya yi wa mafitsara, kuma idan aka bar shi shekaru yana iya lalata ƙoda, har ya kai ga sankarar mafitsara, mata kuma ya taɓa musu mahaifa. Tun 2003 Kamaru take da shirin ƙasa na yaƙi da tsargiya da tsutsar ciki, kuma maganin, farazikwantel, ana rabon sa a makarantu bayan an auna tsayin yaro da sanda. Ranar da aka zo rabo a unguwarku, ka tabbata ƙannenka sun ci abinci sun sha nasu. Wanda kuma ka ji yana ganin jini a ƙarshen fitsarinsa, ka gaya wa iyayensa su kai shi asibiti a gwada.