Ciwon Ɓarin Kai da Ƙin Haske: Abin da Lantarkin Ƙwaƙwalwa Ya Nuna

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi bazara a ƙasar Gumel ya san yadda rana take ƙwallewa a kan rairayi har ido ya kasa buɗewa. A irin wannan lokaci akan ga mutum a Gagarawa Tasha, ko a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, ya ɗaure kai tamau ya nemi ɗaki mai duhu ya kwanta. In aka tambaya sai a ce ciwon ɓarin kai ne ya tasar masa. Wasu kan ce raki ne, wasu kuwa su ce iska ce. Manufar wannan muƙala ita ce a nuna cewa ƙin hasken nan yana da tushe a ƙwaƙwalwa, sa'an nan a bambanta shi da ƙin hasken da yake alamar cuta mai kisa.

2.0 Siffar Ciwon

Ciwon ɓarin kai yakan kama gefe ɗaya, yana sara kamar bugun zuciya, ya ɗauki awa 4 zuwa 72. Yakan zo da tashin zuciya da ƙin ƙara. Ya fi kama mata, kusan ninki uku na maza, kuma kimanin 8 cikin 10 na masu shi ba sa son haske. Wasunsu kan ga walƙiya ko zane mai ƙyalli kafin ciwon ya sauka.

3.0 Lantarkin Ƙwaƙwalwa

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da lantarki suke aika wa juna saƙo. A 1924 wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara auna wannan lantarki a kan ɗan Adam, ya kuma buga sakamakon a 1929. Shi ya gano kaɗawar da ake kira alfa, wadda take bugawa sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa, take kuma bayyana a ƙeya idan mutum ya rufe ido ya natsu.

A 1959 Golla da Winter a Ingila suka haska wa mutane fitila mai ƙiftawa suna auna lantarkin. Sai suka tarar ƙwaƙwalwar masu ciwon ɓarin kai tana ci gaba da amsa wa fitilar ko da ƙiftawar ta yi sauri ƙwarai, alhali ta masu lafiya takan sassauta. Nazarce-nazarcen baya sun ƙara nuna cewa ƙwaƙwalwar mai lafiya takan saba da abin da aka maimaita mata, ta mai wannan ciwo kuwa ba ta cika sabawa ba, ko da a ranakun da yake jin garau. Wannan shi ya sa hasken da ke ƙiftawa ta tsakanin itatuwan darbejiya idan mota tana gudu yakan takura wa wasu matafiya.

Ita kuwa walƙiyar da ake gani kafin ciwo, masana suna danganta ta da abin da Aristides Leão, mutumin Birazil, ya gano a ƙwaƙwalwar zomo a 1944: wani tashin lantarki da ke rarrafe kamar wutar daji, kimanin milimita 3 a minti, ya bar shiru a bayansa. Sai dai a lura, likita ba da wannan na'ura yake gane ciwon ba. Da bayanin majinyaci yake gane shi.

4.0 Hanyar da Haske Ke Bi

A 2010 Noseda da Burstein na Jami'ar Harvard a Amurka suka yi nazarin makafi 20 masu wannan ciwo. Guda 6 da ba sa tsinkayar haske ko kaɗan, haske bai ƙara masu ciwo ba. Sauran 14, waɗanda ba sa ganin siffa amma suna bambance dare da rana, haske yana tsananta masu. Watau akwai wata hanya daga ido, ban da ta gani, wadda take haɗuwa da hanyar zafin ciwo a tsakiyar ƙwaƙwalwa. Ashe wanda ya gudu ɗaki mai duhu, jijiyarsa yake hutarwa.

5.0 Hattara da Sanƙarau

Ƙasar Gumel tana cikin yankin da sanƙarau yake ɓarkewa lokacin zafi. A annobar 1996 fiye da mutum dubu 100 suka kamu a Nijeriya, fiye da dubu 11 suka rasu. Shi ma sanƙarau yana sa ƙin haske, amma yakan zo da zazzaɓi mai zafi, da sanƙarewar wuya, da gushewar hankali. Wanda aka ga waɗannan alamomi a jikinsa, kada a kwantar da shi a ɗaka ana jiran sauƙi. Asibiti za a kai shi nan take.

6.0 Kammalawa

An ga cewa ƙin haske ga mai ciwon ɓarin kai ba raki ba ne, ba kuma aikin iska ba ne. Aikin da ya rage gare mu ɗaliban Hausa shi ne mu tsayar da kalmomin da za su raba waɗannan cututtuka biyu a bakin jama'a, domin "ciwon kai" kaɗai bai ishi mai jinya ya san lokacin jan labule da lokacin neman mota ba.