Yadda Ake Ambaton Yau da Turanci Daidai

Yawancin kurakuran da ɗalibanmu ke yi wajen faɗin lokaci da Turanci, daga Hausa suke tasowa. Yaro ya tsara "yau da safe" a ransa, sai ya kwashe shi ɗungurungum ya rubuta *today morning*. Duk malamin da ke duba takardar WAEC ko NECO zai ja masa jan biro a nan. Abin na damuna, domin gyaran ba shi da wuya.

Mataki na farko: tantance abin da kake nufi da yau. In ranar gaba ɗaya ce, *today* ta wadatar. In wani yanki nata ne, sai ka ajiye *today* ka ɗauki *this*: yau da safe *this morning*, bayan sha biyun rana *this afternoon*, da yamma *this evening*. Dare ne kaɗai ya fita daban. Kalmarsa guda ce, *tonight*, ba a cewa *today night*. Daren jiya kuwa *last night* ne.

Mataki na biyu: kada ka sa wa kalmomin nan komai a gaba. Turanci na cewa *on Monday*, yana cewa *in the morning*, shi ya sa wasu ke zarcewa da *on today* ko *in this morning*. Waɗannan kalmomi su kaɗai suke tsayawa: *I will call you tonight.* In mallaka ce, kamar jaridar yau, sai *today's newspaper*.

Mataki na uku: duba agogo kafin ka zaɓi aikatau. Da ƙarfe 10 na safe, safiya ba ta wuce ba, kana iya cewa *I have written two letters this morning*. Da la'asar kuwa safiya ta tafi, sai *I wrote two letters this morning*. Kalmar lokacin ba ta sauya ba, aikatau ne ya bi rana. Ɗazu *earlier today* ne, anjima kuma *later today*.

Mataki na huɗu: lura da inda rana take farawa. Nan ne ya fi muhimmanci, kuma ba kasafai ake koyar da shi a aji ba. A lissafinmu na Musulunci, da faɗuwar rana sabuwar rana ke kamawa, dare ne ke gaba. Daren Juma'a a bakin Bahaushe shi ne daren da ke biyo bayan magaribar Alhamis. A wurin Bature kuwa, rana tana sauyawa ne da sha biyun dare, kuma dare yana ɗaukar sunan yinin da ya gabace shi. Saboda haka daren Juma'armu *Thursday night* ne. In ka rubuta *Friday night* a katin gayyata alhali daren Juma'a kake nufi, baƙinka za su zo bayan an watse da kwana guda. Haka batun tafiya. Jirgin da aka rubuta zai tashi ƙarfe 1:30 *a.m.* ranar Asabar, tun daren da ya biyo yinin Juma'a za ka kama hanyar filin jirgi. Wanda ya tashi sahur ƙarfe 4 ma, in zai ba da labari da rana, *this morning* zai ce.

Mataki na biyar: raba yau ta kalanda da yau ta zamani. In kana nufin "a zamanin nan", kana da *nowadays* da *these days*. Ta farko kalma guda ce, da *s* a ƙarshe, ba a yanka ta uku. Dukkansu suna tafiya da abin da ya zama al'ada: *Nowadays many people send money by phone.* Abin da ke faruwa a daidai wannan lokaci kuwa, *now*, *right now* ko *at the moment*. A wasiƙar neman aiki ka guji *now now*, ta hira ce. Ni ina ba ɗalibai shawara su yi hattara da *presently* ma, domin wasu Turawan Ingila "nan ba da jimawa ba" suke nufi da ita. *Currently* ta fi ta fitar da ma'ana.

Saura gaisuwa. In ka shiga wuri da dare, ko ƙarfe 10 ne, *good evening* za ka ce. *Good night* sallama ce, daidai da "sai da safe", sai za ka tafi ake faɗinta.