Sana'ar Wutar Lantarki: Matakanta da Yadda Ake Auna Shekarun Mai Yinta

Magana iri biyu takan zo gaban hakimi a kan wutar lantarki. Ko dai uba ya zo neman shawarar inda zai kai ɗansa koyon sana'ar, ko kuwa jama'ar gari sun tara kuɗi za a ja wa masallaci ko ɗakin shan magani waya, ana so hakimi ya nuna wanda za a damƙa wa aikin. A nan ne akan ji an ce, "Ai wane ya shekara goma sha biyar yana aikin wuta." Wannan magana ita kaɗai ba ta isa hujja ba, domin akwai wanda ya shekara goma sha biyar yana ƙara sani, akwai kuma wanda aikin shekara ɗaya ya yi ta maimaitawa har sau goma sha biyar.

Tun 1896 aka kunna wutar lantarki a Ikko. A Arewa kuwa kamfanin NESCO ya fara samar da ita da ƙarfin ruwa kusa da Jos a 1929, saboda masu haƙar kuza. Gwamnati ta kafa hukumar ECN a 1950, aka gama madatsar Kainji a 1968, sa'an nan NEPA ta zo a 1972. A zamanin da wuta ke hannun hukuma ɗaya, wanda ya shiga aikinta fayil ɗinsa na ofis shi ke riƙe da lissafin shekarunsa da ci gabansa. Amma a 2013 aka sayar da aikin rarraba wuta ga kamfanoni goma sha ɗaya, kuma mafi yawan masu gyaran wuta a garuruwa da ƙauyuka kansu suke yi wa aiki. Watau yanzu kowa shi ne mai ajiye shaidar kansa.

Hanyar da ta fi yawan mabiya ita ce ta shago. Akan kai yaro wurin maigida, galibi ya yi shekara uku zuwa biyar kafin a yaye shi. Da farko ɗaukar tsani ne da fasa bango da jan waya cikin bututu. Daga baya a bar shi ya ɗaura makunni da soket, a ƙarshe ya haɗa akwatin da ke rarraba wutar gida. Wannan hanya tana ba da hannu mai kyau ƙwarai, ba a raina ta. Aibinta ɗaya, sau da yawa ba ta koyar da lissafi, aikin wuta kuwa lissafi ne. Ga misali. Waya mai kaurin 1.5 ta ƙwayayen fitila ce, mai 2.5 ta soket ce. Abin dafa ruwa mai wat 3,000 yana jan kamar amfiya 13 a wutar gida mai bolt 230. In aka ɗora shi a kan siririyar waya, aka ƙara dutsen guga, wayar za ta yi ta ɗaukar zafi cikin bango ko cikin rufi inda ido ba ya gani. In kuma an riga an ɗaure fis da wata waya mai kauri don kada ya riƙa tsinkewa, kamar yadda wasu ke yi suna ganin dabara ce, to ba abin da zai yanke wutar sai gobara.

Saboda haka yaron shago bai kamata ya tsaya a kan yaye ba. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a mai hawa uku: aji na uku shi ne na farko, sai na biyu, sai na ɗaya wanda shi ne babba. Da wannan takarda ne wanda bai yi doguwar makaranta ba yake iya neman aiki a ma'aikata ko kamfani, a ajiye shi a matsayin da ya dace da saninsa, maimakon a ɗauke shi lebura.

Hanya ta biyu ta makaranta ce. Yaron da ya gama ƙaramar sakandare yana iya shiga kwalejin fasaha ya yi shekara uku, ya ɗauki jarrabawar NABTEB, wadda aka kafa a 1992. Daga nan akwai kwalejin kimiyya da fasaha, irin ta Kaduna wadda ta samo asali daga makarantar fasaha ta 1956: shekara biyu ƙaramar difloma, shekara ɗaya aikin hannu, shekara biyu babbar difloma. Karatun injiniya a jami'a shekara biyar ne. Majalisar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista, kuma tana da rajistar ƙananan ma'aikatan fasaha har da masu sana'ar hannu. Yana da kyau malamai su lura da wannan in suna rubuta wasiƙa: kalmar "injiniya" da ake kiran kowane mai riƙe da filaya da ita girmamawa ce ta baki, ba a sa ta a takardar hukuma sai ga mai rajista.

Abin da aka fi mantawa shi ne sana'ar tana da rassa, kuma shekarun wani reshe ba su zama shekarun wani. Mai ja wa gidaje waya da bolt 230 yake ma'amala. Layin da ke kan turaku yana shiga taransifoma kuwa bolt 11,000 ne ko 33,000, kuma irin wannan wuta ba ta jira a taɓa ta, tana iya tsallakowa ta kama mutum in ya matso. Wanda ya yi shekara ashirin a aikin gida, in ya hau wannan turke ba horo, daidai yake da yaron da ya fara jiya. Ya kamata hakimai su hana al'adar da ke akwai a wasu unguwanni, ta a tara kuɗi a sa mai gyaran wutar unguwa ya taɓa taransifoma in wuta ta ɗauke. Aikin kamfanin rarraba wuta ne, ma'aikatansa ne ke da ikon kashe layin daga tushe kafin a hau. Haka aikin injuna a masana'antu reshe ne daban. Aikin sola da batir ma, wanda matasa da yawa suka koma wa, yana da nasa sharuɗɗa, domin wutar batir in ta yi tartsatsi ba ta saurin mutuwa kamar ta layi, tana bukatar fis da makunni irin nata.

In za a ba da aikin jama'a, malamin hakimi ya nemi abu uku kafin a yi maganar kuɗi. Ya ga takardar jarrabawar mutumin. Ya ga takardar izini ta hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa tantance masu ja wa gine-gine waya. Takardun nata hawa-hawa ne gwargwadon girman aiki, sai a duba ko tasa ta kai aikin da ake magana. Sa'an nan a tambaye shi gine-gine biyu ko uku da ya yi irin wannan, a aika mutum ya gano. A kuma tambaye shi inda zai kafa sandar ƙarfen da ke kai wuta ƙasa in ta ɓalle. Wanda ya ce ba ta da amfani, a sallame shi cikin mutunci.

In kuwa yaro za a kai koyo, kada a bar maganar a baki. A rubuta yarjejeniya a ofishin hakimi: ranar da ya fara, shekarun da zai yi, irin aikin da za a koya masa, wanda zai ciyar da shi, da kayan aikin da za a ba shi ranar yaye. Akan nemi shaidar koyo wajen shiga jarrabawar sana'a, kuma maigida yana iya ƙaura ko ya rasu kafin lokacin. A yi takardar uku, ɗaya ga uba, ɗaya ga maigida, ɗaya ta zauna a ofis.