Amsar Tambaya: Ƙaura da Rumbun Bayanai daga Windows zuwa Linux

Tambaya: Ina kula da rumbun bayanan wata makaranta a Dagumawa, a kan MySQL. Tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, ina son komawa Ubuntu. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, shawararka ta yi, amma kada ka kwafe fayilolin rumbun kai tsaye. Fitar da komai da mysqldump, ka girka a sabuwar na'urar MySQL mai lamba iri ɗaya da wadda kake amfani da ita yanzu, sannan ka loda.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne sunayen tebura. Windows ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami, Linux kuwa tana bambantawa, sai manhajarka ta nemi "Dalibai" ta rasa don an rubuta "dalibai". A MySQL 8, tun wajen girkawa ake saita wannan, ba a canja shi daga baya. Zaɓi utf8mb4 kuma, don kada ƙ da ɗ su lalace a sunayen yara.

Yi aikin lokacin hutu, da inbata a kusa saboda ɗaukewar wuta. Kada ka goge tsohuwar kwamfutar sai sabuwar ta fitar da sakamakon zango guda lafiya.